KOYO A BAINAR JAMA'A: TARIHIN MASU TONA CIKIN KWAMFUTA ANA KALLONSU



Yau za mu ɗan bar fagen adabi mu leƙa wani tarihi daban. A YouTube da Twitch akwai mutanen da suke kunna kyamara, su haska fuskar kwamfutarsu ga duk mai son kallo, su shafe awa uku ko biyar suna faman gano yadda cikin kwamfuta yake aiki. Kai tsaye ake watsawa, ba a yanke komai. Idan sun kuskure kowa ya gani, idan hanya ta ɓace musu kowa ya ga suna sosa ƙeya. Wanda ya fara cin karo da su zai ɗauka sabon yayi ne. Al'adar kuwa ta girmi intanet, kuma tarihinta ya shafi duk mai koyon sana'ar da yake jin kunyar a ga ɗanyen aikinsa.

ME AKE NUFI DA CIKIN KWAMFUTA?

Kafin tarihi, mu fahimci abin da ake koyo. A can ƙasan komai akwai tiransista, wato makunnin lantarki ɗan ƙanƙani da bai san komai ba sai kunne ko kashe, 1 ko 0. Idan aka haɗa tiransista kaɗan sai su zama abin da ake kira ƙofa. Shahararriyarsu ita ce ƙofar NAND: wayoyi biyu suna shiga, ɗaya tana fita, kuma ba ta fitar da 0 sai idan duka biyun da suka shiga 1 ne. Da wannan ƙofa kaɗai, idan an jera ta da yawa, za a iya gina sashen da yake lissafi, da wanda yake ajiye lamba, har a kai ga firosesa cikakkiya.

Ita firosesa aikinta uku ne, tana maimaita su ba hutu: ta ɗauko umarni daga ma'adana, ta gane shi, ta aiwatar. Umarnin kuma lamba ce kawai. A tsohuwar firosesar 6502, lamba 169 tana nufin "ɗauki lambar da ke biye ka riƙe", 105 kuma tana nufin "ƙara lambar da ke biye a kan wadda ka riƙe". Saboda haka 169, 5, 105, 3 ya kamata ya ba da 8. Amma idan ka manta ka fara sa 24, umarnin da yake goge ragowar lissafin baya, kana iya samun 9. Na'urar ba za ta yi maka gargaɗi ba. Wannan shi ne harshen na'ura. Mataki ɗaya a samansa akwai harshen asembili, inda ake rubuta gajerun haruffa a madadin lambobin, sai harshen C a sama kaɗan. Duk manhajar da ke wayarka, komai ƙyalƙyalinta, a nan take ƙarewa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

MATA SHIDA DA ZANEN WAYOYI

A watan Fabrairu na 1946 aka nuna wa duniya ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Ta cika ɗaki guda, da kwalaben lantarki kusan 18,000. Mata shida aka ɗora wa nauyin tsara mata aiki: Kay McNulty, Betty Jennings, Betty Snyder, Marlyn Wescoff, Fran Bilas da Ruth Lichterman. Babu littafin koyarwa, babu harshen rubuta manhaja. Zanen wayoyin na'urar aka miƙa musu, da shi da tambayar injiniyoyi suka koyi komai. Ba da umarni a lokacin yana nufin cire wannan waya a soka a can, a juya makunnai. Sanin da suka yi wa cikinta ya kai har suna iya nuna kwalbar da ta ƙone idan lissafi ya karkace.

A bazarar wannan shekarar jami'ar ta shirya jerin laccoci don bayyana wa baƙi yadda ake gina irin wannan na'ura. Cikin mahalarta akwai Maurice Wilkes daga Kambirij ta Ingila. Ya koma gida ya gina EDSAC, wadda ta gudanar da manhajarta ta farko ranar 6 ga Mayu, 1949. Ita tana ajiye umarni a cikin ma'adana tare da lambobi, tsarin da rahoton John von Neumann na 1945 ya yaɗa. Daga baya Wilkes ya ba da labarin cewa a wannan shekarar ce ya fahimci babban kaso na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakuran da ke cikin manhajojin da shi da kansa ya rubuta. Ku riƙe wannan batu, domin shi ne jigon tarihin: mafi yawan aikin neman kuskure ne, kuma shi ne ɓangaren da littafi bai cika nunawa ba.

LOKACIN DA AKA RUFE ƘOFA

A 1957 kamfanin IBM ya fito da FORTRAN, harshen da mutum zai rubuta lissafinsa kusan yadda ya saba, wata manhaja ta fassara wa na'ura. Sauƙi ya samu, amma kowane sabon sauƙi shimfiɗa ce da take rufe abin da ke ƙasa. Sannu a hankali aka samu masu rubuta manhaja da ba su taɓa ganin abin da firosesa take karantawa ba.

Sai kuma batun mallaka ya shigo. A ɗakin bincike na Bell Labs, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka samar da Unix, babbar manhajar da take tafiyar da na'ura, aka sake rubuta ta da harshen C a 1973. Wani malami a Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, John Lions, ya ɗauki zuciyar bugu na shida na Unix, layi kusan 9,000, ya buga wa ɗalibansa, sannan a 1977 ya rubuta mata sharhi, yana bin ta sashe bayan sashe. Irin aikin da malamin adabi yake yi wa waƙa ke nan. Da bugu na bakwai ya fito a 1979, kamfanin AT&T ya sauya sharuɗɗan lasisi ya hana koyar da rubutun a aji. Littafin Lions ya ɓace daga aji, amma bai ɓace daga hannun ɗalibai ba. Sun yi ta kwafarsa a injin hoto, kwafi daga kwafi, har rubutun ya riƙa dusashewa. Sai a 1996 aka yarda aka buga shi a fili, shekara biyu kafin rasuwar marubucinsa.

Wannan hanin ne ya sa Andrew Tanenbaum, malami a Amsterdam, ya rubuta tasa manhajar mai suna Minix ya fitar a 1987 tare da littafi, don ɗalibai su samu abin karantawa. Littafin ya faɗa hannun wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta Finlan, Linus Torvalds. A farkon 1991 ya sayi kwamfuta mai firosesar Intel 386, ya fara rubuce-rubuce don kawai ya san halinta. A watan Agusta, yana ɗan shekara 21, ya sanar da jama'a cewa yana wani aiki na sha'awa, wata guda bayan haka ya saki abin da ya rubuta, ɗanye yadda yake. Mutane suka karanta, suka nuna kurakurai, suka aiko gyara. Linux ke nan, kuma a kanta Android take zaune. Idan da wayar Android kake karanta wannan makala, darasin wancan ɗalibin ne yake aiki a tafin hannunka.

GAREJI DA TALABIJIN

Mu ɗan koma baya. A watan Janairu na 1975 mujallar Popular Electronics ta sa hoton Altair 8800 a bangonta. Kwamfuta ce da ake sayarwa a warwatse, mai saye ya haɗa da kansa. Ba ta da allon rubutu, ba ta da fuska, sai makunnai da 'yan fitilu, ma'adanarta kuma bayit 256 kacal. Duk wanda ya saye ta dole ya koyi harshen na'ura, domin ba ta jin wani.

Ranar 5 ga Maris na wannan shekara wasu mutane kimanin talatin suka taru a garejin Gordon French a Menlo Park ta jihar Kalifoniya don su ga Altair guda ɗaya. Haka ƙungiyar Homebrew Computer Club ta fara. Al'adarsu ita ce kowa ya zo da abin da yake haɗawa, ko ya yi aiki ko bai yi ba, ya nuna, a yi masa tambayoyi. Steve Wozniak yana wurin a daren farko. Da 6502 ta fito a kan dala 25, alhali takwarorinta suna sama da dala 150, sai ya gina kwamfutarsa a kanta, wadda ta zama Apple I a 1976. Manhajarta a takarda ya rubuta, ya mayar da ita lambobi da hannunsa. Zanen na'urar kuma kyauta ya riƙa raba wa 'yan ƙungiya.

A Ingila kuwa gidan BBC ne ya kai abin gaban miliyoyi. A 1982 ya fara shirin talabijin mai suna The Computer Programme. Dabarar shirin ita ce an haɗa masani, Ian McNaught-Davis, da wanda bai san komai ba, Chris Serle. Serle yana yin tambayar da mai kallo yake jin nauyin yi, yana koyo ana ganinsa. A watan Oktoba na 1983 suka gwada shiri kai tsaye, kuma a nan aka ga abin da kai tsaye yake jawowa: ana cikin nuna yadda wasiƙar lantarki take aiki, sai ga saƙon wasu masu kutse da suka riga su shiga akwatin ya bayyana a fuskar talabijin. Ba damar yankewa.

Kwamfutar da aka ƙera don shirin, BBC Micro ta kamfanin Acorn, ita ma 6502 ce a cikinta, kuma ta bai wa ɗan makaranta damar rubuta asembili da zarar ya kunna. Injiniyoyinta biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, su ne suka zana firosesar ARM, wadda ta fara aiki a watan Afrilu na 1985. Jikokinta ne a cikin kusan kowace wayar hannu a yau, har da waɗanda ake kwancewa a kasuwar Farm Centre ta Kano.

DAWOWA TUSHE

Zuwa shekarun 2000 shimfiɗun sun yi kauri ƙwarai. 6502 tiransista kusan 3,500 gare ta, mutum ɗaya zai iya haddace tsarinta. Firosesar zamani kuwa biliyoyi take ɗauke da su. Wasu malamai biyu a Isra'ila, Noam Nisan da Shimon Schocken, suka lura ɗalibansu suna kammala digiri ba tare da sun taɓa ganin hoton gaba ɗaya ba. A 2005 suka fitar da darasin da aka fi sani da Nand2Tetris. Ayyuka 12 ne. Ana ba ka ƙofar NAND kawai, kai za ka gina sauran ƙofofin, da sashen lissafi, da ma'adana, da firosesa, sannan ka rubuta mata asembili, da manhajar fassara, da babbar manhaja, har ka kunna wasa a kanta. Duk a cikin manhajar kwaikwayo ake yi, ba sai ka sayi waya ko dalma ba.

Ben Eater, tsohon ma'aikacin Khan Academy, shi da wayoyi na gaske ya yi nasa. Tsakanin 2016 da 2017 ya saki jerin bidiyo a YouTube yana gina kwamfuta mai bit 8 a kan allunan gwaji, waya bayan waya. Ma'adanarta bayit 16 ce. Ya sa mata agogon da za a iya rage wa gudu har a riƙa danna shi da yatsa, ta yadda mai kallo zai ga umarni ya fito daga ma'adana, fitilu sun kama, ya shiga inda za a aiwatar da shi. Abin da littafi zai bayyana a shafi goma, ido ya gan shi a minti ɗaya. Gani ya kori ji.

DA KYAMARA TA ƘI KASHEWA

Bidiyon Eater shiryayye ne, an tace shi. Watsawa kai tsaye ta zo ne ta wata ƙofa daban. Dandalin Justin.tv ya fara a 2007, ya haifi Twitch a 2011 don masu wasannin bidiyo, Amazon ya saye shi a 2014 kan dala miliyan 970. A watan Nuwamba na wannan shekarar wani ƙwararre mai suna Casey Muratori ya fara shirin Handmade Hero. Alƙawarinsa shi ne zai rubuta wasa cikakke tun daga tushe, ba tare da aron kayan da wasu suka riga suka haɗa ba, kuma kowane layi a gaban masu kallo zai rubuta shi, sannan ya amsa tambayoyi a ƙarshen kowane zama. Shirin ya haura kashi 600. Matasa da dama a nan suka fara ganin cewa mai shekaru masu yawa a sana'a shi ma yana ɓata dare guda yana neman kuskuren harafi ɗaya.

Andreas Kling, ɗan ƙasar Suwidin, ya taɓa aiki a Apple. A watan Oktoba na 2018, bayan ya fito daga cibiyar jinyar masu fama da shaye-shaye, ya fara rubuta babbar manhaja tasa mai suna SerenityOS don ya cika lokacinsa da abu mai amfani. Bai ɓoye wannan tarihi ba. Ya riƙa ɗaukar kansa yana aiki yana sakawa a YouTube, da kurakuran da komai. Ɗaruruwan mutane suka shigo suna taimakawa, a 2021 gudummawarsu ta isa ya bar aikin albashi, daga cikin aikin kuma aka samu manhajar shiga intanet ta Ladybird.

Misalin da ya fi kama da na matan ENIAC shi ne na Asahi Linux. A ƙarshen 2020 Apple ya fito da firosesarsa ta M1, mai tiransista biliyan 16, ba tare da ya bayyana wa jama'a yadda ake magana da sassanta ba. Hector Martin ya ɗauki aniyar sa Linux ta yi aiki a kanta. Ya rubuta wata manhaja mai suna m1n1 da take zama tsakanin manhajar Apple da na'urar, tana rubuta duk saƙon da ya wuce, kamar mai koyon baƙon harshe ta hanyar sauraron masu shi. Da yawa daga aikin kai tsaye ya yi shi. A 2022 wata mai amfani da sunan Asahi Lina, wadda take bayyana da hoton zane maimakon fuskarta, ta shafe dogayen sa'o'i a gaban masu kallo tana gano yadda sashen hoto na M1 yake aiki, ta rubuta masa manhajar tuƙi da harshen Rust. A watan Disamba na shekarar aka sake ta ga jama'a. Su waɗannan ba darasin da suka sani suke maimaitawa ba. A lokacin da mai kallo yake gano abin, su ma a lokacin suke ganowa.

RIBA DA HASARA

Me kai tsaye ya ƙara a kan littafi? Ya dawo da zaman yaron gareji a gefen ogansa. Yaron bakanike ba daga motar da ta tashi yake koyo ba, daga awannin da ta ƙi tashi ne: inda oga ya fara dubawa, abin da ya yi zargi, yadda ya janye zarginsa. Littafi yana ba ka hanyar da ta ɓulle. Kyamarar da ba a kashe ba tana nuna maka guda huɗun da ba su ɓulle ba, da yadda ake gane cewa lokacin juyawa ya yi. Shi ma mai watsawar yana samun nasa: dole ya faɗi tunaninsa da baki, kuma sau da yawa a wajen faɗin ne giɓin yake bayyana, ko wani daga masu kallo ya hango masa.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Bayan kashi sama da 600, wasan Handmade Hero bai kammala ba. Aikin da ake bayyana kowane takunsa yana tafiyar hawainiya. A watan Fabrairu na 2025 Hector Martin ya sauka daga jagorancin Asahi Linux, ya ambaci gajiya, da matsin masu neman a biya musu buƙata, da saɓani da wasu masu kula da Linux. Taron da yake ƙarfafa maka gwiwa yau, gobe yana iya zama mai bin ka bashi. Shi kuma mai kallo yana da nasa tarkon. Kallon awa ɗari yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali yatsunsa ba su taɓa komai ba. Mu a nan ma akwai ƙarin lissafi, domin bidiyon awa uku ba ƙaramin data yake ci ba. Wanda yake da niyya, gara ya sauke manhajojin Nand2Tetris, waɗanda kyauta ne, ya gina ƙofarsa ta farko da hannunsa, kallo ya biyo baya.

INA RUWAN MARUBUCI?

Marubutanmu na intanet sun daɗe suna aiki a gaban jama'a. Ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna yabo suna ƙorafi, wani lokacin har su karkatar da alƙalamin marubuciya. Don haka matsin taro ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da bai cika fitowa fili ba shi ne ɗakin gyara. Muna ganin shafin da aka gama, ba ma ganin wanda aka yaga. Sabon marubuci yakan kwatanta daftarinsa na farko da bugu na ƙarshe na gwani, ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa, ya ajiye biro. Da zai ga gwanin yana juya jimla ɗaya sau bakwai, yana goge babi guda saboda ya karya labarin, da ya san cewa halin da yake ciki shi ne sana'ar.

Akwai kuma darasin tushe. Mai manhajar da ya san abin da firosesa take yi yakan gane dalilin da ya sa aikinsa yake nauyi. Marubucin da ya san nahawu da ƙa'idojin rubutu, ya san bambancin ƙ da k, ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, yakan gane dalilin da ya sa jimlarsa take tuntuɓe. Dukansu ba su burgewa a ido, amma a kansu sauran ginin yake tsaye.

Shawarata ga wannan zaure ita ce, manyanmu da suka wallafa littattafai su riƙa kawo mana shafi ɗaya a siffa biyu, daftarin farko da na ƙarshe, su faɗi dalilin kowane gyara. John Lions layi 9,000 ya yi wa haka, mutane suka shekara kusan ashirin suna kwafarsa a ɓoye. Mu shafi ɗaya a mako ya ishe mu farawa.

Kalmomin da na yi amfani da su, irin su ƙofa da ma'adana da manhajar tuƙi, duk a buɗe suke ga gyara. Wanda yake da waɗanda suka fi su dacewa ya kawo mu tattauna. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.